Ciwon Wuyan da Ya Fara Daga Yatsu

Carbi ne ya fara suɓuce wa dattijon a masallacin Darna Sabon Gari. Daga baya ɓalla maɓallin riga ya gagare shi, tafiya zuwa kasuwar Illela ta koma jan ƙafa. Iyalinsa suka ce tsufa ne. Wanzami ya yi masa ƙaho sau biyu, shekara biyu suka wuce.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato aka gano tushen matsalar. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, akwai faifan guringuntsi a tsakaninsu. Idan shekaru suka ja, faifan yakan bushe ya bulluƙo, ya danne lakar da ke kai saƙo zuwa hannu da ƙafa.

Likita ya bayyana masa hanyoyi biyu: a shiga ta gaban wuya a cire faifan a haɗe ƙasusuwan, ko a shiga ta ƙeya a buɗe wa laka wuri idan matsin ya shafi gaɓoɓi da yawa. "Baba," in ji shi, "aikin zai tsayar da ɓarnar, amma abin da ya riga ya tafi ba lallai ya dawo duka ba."

Ta gaba aka bi. Ya yi makonni muryarsa a dishe, kunu kaɗai ke wucewa da sauƙi. Da yake ƙashi yakan ɗauki watanni kafin ya haɗe, aka hana shi ɗaukar kaya da hawa kabu-kabu.

Bayan wata shida ya koma jan carbinsa. Sandar da ya fara dogarawa a shekarun jiran nan kuwa, har yau tana hannunsa.