Abin Da Uwar Adashe Ta Koya Mana

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a aka haɗa mu, mu biyar, mu ƙirƙiro manhajar waya domin masu adashe. Malaminmu kuwa ya hana mu taɓa kwamfuta sai mun yi mako uku muna zama da matan da za su yi aiki da ita. Wannan tsari, watau a san mai amfani kafin a gina masa abu, Don Norman na Amurka yana cikin waɗanda suka yayata shi tun 1986.

To, a nan muka ga abin da babu shi a littafi. Idan wata ta kasa zubi, uwar adashe kan zuba mata daga kuɗinta ba wanda ya ji, gama rufin asiri shi ne jarinta. Ɗayanmu ya dage lalle manhajar ta nuna wa kowa masu bashi da jan rubutu, wai don gaskiya ta fito. Kwana biyu muna gardama. Da muka kai mata zanen a takarda, ta ƙura masa ido, ta ce, "'Ya'yana, wannan ai raba zumunci ne."

Sai muka mai da shafin bashi nata ita kaɗai. Sanarwar ranar kwasa kuma muka sa ta zo da murya, domin yawancinsu karatun allo suka yi.