Sallamar da Kwamfuta Ba Ta Amsa Ba

Akwai wata 'yar ƙara da kwamfuta ke yi idan ka soka mata filash ko kebul ɗin waya. Gajeruwa ce, kamar an ɗan taɓa ƙararrawa an saki. Na fi shekara goma ina jin ta ban taɓa tsayawa na saurare ta ba, sai ranar da muka zauna ni da ƙanena a zauren gidanmu a Sheme, muka kasa kunne muna jiran ta, ta ƙi zuwa.

Kyamara ya saya ta ɗaukar hoton wata da taurari, kuma ta hannu ce. Wani abokin karatunsa na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ne ya haɗa shi da mai ita a Kano. Aka ba direba a tasha, ta sauka Funtua, daga can wata motar Gusau ta ajiye mana ita a bakin titi, cikin kwalin sabulu da aka naɗe da salatif. Kuɗin kuwa na masararsa ne da ya sayar da kaka. Ya riga ya mallaki ɗan madubin hangen nesa, shi ma na hannu, wanda yake nuna wa ɗalibansa wata da shi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya leƙa ya kauce. Burinsa shi ne ajin duka su gani a lokaci guda a fuskar laftof.

Wanda bai sani ba ba zai ce kyamara ce ba. Ba ta wuce gwangwanin man shafawa ba, ba maɓalli, ba batir, ba gilashin leƙawa. Ramuka biyu ne a jikinta. Ɗaya irin na bayan firinta, ɗayan kuma kamar na tsohuwar wayar tangaraho ta kan tebur, wanda ba na kwamfuta ba ne sam, na sarrafa ƙafar madubi mai tafiya da kanta ne. Ƙanena ya jona kebul ɗin da ta zo da shi, ya soka a laftof. Shiru. Ya zare ya mayar, ya koma wani ramin laftof ɗin, ya kashe laftof ya kunna. Da ya buɗe manhajar kyamara ta Windows, fuskarsa ce ta fito tana kallonsa daga ɗan idon da ke saman allon.

"Yaya, an cuce ni," in ji shi. "Cinikin biri a sama na yi."

Maƙwabcinmu da ya shigo gaisuwa ya ɗaga ta ya juya, ya ce ai dama araha ba ta ado. Kafin magariba ƙanena ya tura wa mutumin Kano saƙon murya, kuma ban ji daɗin kalmomin da ya yi amfani da su ba.

Wannan saurin yanke hukunci ya tsaya mini a rai, domin kusan duk abin da muke rayuwa da shi a garin nan na hannu ne. Laftof ɗin da ya ƙi ganin kyamarar ya yi wa wani aiki a Turai kafin ya iso Kano. Wayata ta hannu ce, injin niƙan unguwarmu na hannu ne, haka motocin da ke jigila tsakanin Funtua da Yankara. Da su muke ci, da su muke zuwa asibiti. Amma da zarar abin hannu ya yi tari sau ɗaya, ba ma tuhumar komai sai shi da wanda ya sayar da shi. Da a kwali sabuwa ta zo, na tabbata ƙanena zai fara da cewa shi ne bai iya ba.

Washegari muka kai ta wurin mai gyaran waya da ke bakin hanya, yaron da kowa ke kira Injiniya. Bai taɓa ganin irinta ba, kuma bai ɓoye ba. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki: bai taɓa kyamarar ba. Ya ce wa mai cajin waya na gefensa ya rage rediyo, ya ƙure ƙarar laftof, ya ciro filash daga aljihu ya soka a ramin da muka yi ta fama da shi. 'Yar ƙarar nan ta fito tas. Ya gwada sauran ramukan biyu, kowanne ya amsa. Sannan ya soka kyamarar, ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa.

"Malam, ramukanka lafiya lau," ya ce wa ƙanena. "Ita ce ba ta yi sallama ba. Ko kuma ta yi, muryar ba ta iso ba."

Daga baya na bi diddigin maganar tasa, na tarar kusan haka abin yake a zahiri. Kebul ɗin USB na gama-gari silin waya huɗu ne a cikinsa. Biyu na wuta ne, ja da baƙi, masu kai bolt 5. Biyu kuma na magana ne, fari da kore. Idan ka soka na'ura, ita ce ke fara ɗaga wuta kaɗan a ɗaya daga cikin silin magana, wannan ita ce sallamarta. Kwamfuta ta ji, sai ta tambaya, wa ke nan? Na'urar ta faɗi lambar kamfanin da ya ƙera ta da lambar samfurinta. Sai kwamfuta ta duba ko a cikin gida akwai wanda ya san baƙon kuma yana jin yarensa. Duk wannan ba ya wuce ƙiftawar ido, shi ya sa muke ɗaukarsa abu guda. Alhali ƙofa uku ce, kuma baƙo na iya maƙalewa a kowacce. Wanda ya maƙale a ta farko, shiru za ka ji. Wanda ya yi sallama amma sunansa ya fito a hargitse, Windows za ta rubuta cewa na'ura ce da ba a sani ba, sau da yawa da lamba 43. Wanda ya faɗi suna daidai amma babu mai jin yarensa, lamba 28 ake ba shi. Mu a ƙofar farko muke, inda ba a ma kai ga batun manhaja ba, ga shi ƙanena ya kwana yana sauke manhajoji yana gogewa.

Injiniya ya ɗauki tsohon buroshin haƙori ya tsoma a sifirit, ya goge ramin kyamarar. Ƙura ta fito, ja-ja, irin wadda ke shiga komai a ƙasar nan. Ya hura, ya jira ya bushe, ya sake gwadawa. Shiru dai. Sai ya ɗaga bakin kebul ɗin ya haska da tocilar waya, ya ce in leƙa. A ciki akwai 'yan harsuna huɗu masu ruwan zinare a jere. Na gefe biyu sun fi na tsakiya biyu tsawo da ɗan kaɗan, abin da ban taɓa lura da shi ba duk da sau dubu na riƙe irin wannan baki. Da gangan aka yi su haka, don wuta ta riga magana isa. Ke nan kebul na iya ba da wuta, na'ura ta ɗauki ɗumi, ka rantse tana aiki, alhali ba kalma ɗaya da ke wucewa.

Ya ɗauko mitarsa ya sa ta a inda take kuka idan waya ta haɗu. Ya ɗora tsinke ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan, harshe bayan harshe. Na farko ya yi kuka. Na huɗu ya yi kuka. Na biyu ya yi. Na uku bai ce uffan ba, sai da ya lanƙwasa kebul ɗin daga wuya, mitar ta ɗan yi ƙara ta ɗauke. Sili ɗaya ne ya katse a cikin roba, a daidai inda ake naɗe shi a jikin hannu idan za a ajiye. Daga waje ba tabo ko ɗaya.

Ba a sayar da irin wannan kebul a teburin masu caja, domin bakinsa na firinta ne. Injiniya ya aika yaronsa shagon buga takardu da ke tsallaken titi, mai shagon ya zare na firintarsa ya ba da aro, da sharaɗin a dawo da shi kafin masu fotokofi su taru. Aka soka. 'Yar ƙarar ta fito. Ƙanena ya dafa kafaɗata bai ce komai ba.

Ba a gama ba tukuna. Injiniya ya buɗe wurin da Windows ke jera duk abin da ke jone da ita, wanda masu gyara ke kira Dibais Manaja. Ga sunan kyamarar ya fito, amma da ɗan alwatika rawaya a gefensa.

"Ba ta da direba," in ji shi.

Direba a bakinsu wata 'yar manhaja ce da ke tafinta tsakanin na'ura da kwamfuta. Filash da linzamin kwamfuta da kyamarar hira ta bidiyo duk suna magana da yaren da Windows ta taso da shi, shi ya sa ba sa neman tafinta. Kyamarorin taurari da yawa ba haka suke ba. Ana so a iya ce musu su buɗe ido na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ko su bar shi a buɗe na minti guda suna tara hasken tauraron da ido ba ya gani, kuma su miƙo hoton ɗanye ba tare da sun gyara shi ba. Don haka kowane kamfani da nasa direban, kuma ko an saka shi, ba a manhajar da ƙanena ya fara buɗewa ake ganin hoton ba. Akwai nasu na musamman, irin su SharpCap da FireCapture.

Sauke direban ya ɗauke mu kusan awa guda, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Da ya kammala, kafin ma a saka shi, Injiniya ya kwafe shi a filash ɗinsa, ya ce ƙanena ma ya ajiye kwafi biyu. Na tambaye shi me zai yi da direban na'urar da wataƙila ba zai sake ganin irinta ba. Ya ce tun 2021 ba ya barin komai a intanet. A watan Satumba na shekarar ne aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtua, aka yi watanni ba kira ba data. Ya ce a lokacin akwai wayoyin da ya san gyaransu sarai, amma fayil ɗin da zai yi aikin da shi yana can inda hannunsa ba ya kaiwa.

Alwatikan ya ɓace. Aka buɗe SharpCap, sunan kyamarar yana cikin jerin. Allon ya yi fari fat. Ƙanena ya sake tsorata, amma wannan karon shi ya gano da kansa: an bar idon a buɗe na daƙiƙa guda, da rana tsaka, a na'urar da aka yi domin duhu. Ya ja ma'aunin ƙasa, farin ya koma toka-toka, ya gitta yatsa a gabanta, inuwa ta wuce a allo. Injiniya ya ƙi karɓar kuɗi mai yawa, ya ce dai idan an haɗa a kira shi ya ga watan.

A hanyar gida na ce wa ƙanena akwai bashi a kansa. Ya gane. Yana zama a zaure ya kira mutumin Kano.

"Alhaji, don Allah ka yafe mini. Kayanka lafiyarsu ƙalau, kebul ne."

Na ji muryar mutumin daga inda nake. Ya ce tun jiya yake neman kuɗin da zai mayar, domin shi da hannunsa ya gwada ta kafin ya naɗe, kuma abin ya hana shi barci. Ya ce kebul ɗin ya shekara biyar yana bin sa, zai aiko da kuɗin sabo. Ƙanena ya ce a bar shi.

Sabon kebul ya zo daga Funtua bayan kwana biyu, gajere mai kauri, domin irin wannan USB ba ya son ya wuce mita 5, kuma gajeren ya fi aminci. Da la'asar ƙanena ya zare gilashin leƙawa na madubin ya zura kyamarar a gurbinsa, ya saita a kan dogon ƙarfen sabis da ke can bakin gari, ya yi ta murɗa har ƙusoshin jikinsa suka fito a allo, ƙarfen yana tsaye da ka. Ya ce gara a nemo saiti da rana, da dare wahala ne.

Daren bakwai ga wata ne, hazo bai sauko ba tukuna. A tsakar gida muka kafa, don yanzu ba mai fita bayan gari da dare. Bayan isha'i Injiniya ya zo, da maƙwabcinmu, da yara sun fi goma. Wata yana da nisan kusan kilomita 384,000 daga inda muke zaune, amma abin da ya cika allon gefensa ne kawai, saboda ƙwayar idon kyamarar ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, ba ta iya ɗaukarsa duka. A kan iyakar haske da duhu ramuka ne birjik, manya da ƙanana, kowanne da inuwarsa a kwance a gefe guda, wasu da ɗan tudu a tsakiya. Hoton yana ɗan rawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa, ƙanena ya ce iskar da ke samanmu ce ke motsi.

Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, yara suka buɗa mata. Ta dubi allon, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta sake duban allon.

"Wannan shi ne wanda muke fita nema daren azumi?"

"Shi ne, Inna."

"Ikon Allah. To ina kuma za shi?"

Gaskiyarta, watan yana zamewa a hankali zuwa gefen allo, domin duniya na juyawa kuma ƙafar madubin ba ta bin sa. Bai kai minti biyu ba ya fice, allon ya yi baƙi, yara suka ce ya gudu. Ƙanena ya durƙusa ya ɗan tura bakin madubin da yatsa biyu, ramukan suka sake shigowa ta ɗaya gefen. Inna ta ce a kawo mata kujera.