Ranar da Ƙofa Ta Kira Ni Ɓarawo

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, domin akwai kunya iri biyu a cikinsa: wadda aka ba ni, da wadda ni na ba wani. Ta farkon ta wuce cikin 'yan kwanaki. Ta biyun ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kwana huɗu kafin ƙaramar Sallar da ta gabata, bayan la'asar, na ɗauki 'yata mai shekara bakwai muka tafi wani babban kanti a nan Kano, irin waɗanda ake shiga a tura ɗan keke, mutum ya zaɓi kaya da hannunsa. A al'adata Kantin Kwari nake zuwa in yanko yadi in kai wa tela, amma a wannan karon telan ya ce ɗinki ya yi masa yawa, mahaifiyarta kuma ta ce a sayo ɗinkakkiya. Muka zaɓi riga da takalmi, muka bi layi, na biya, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta saka kayan a leda ta miƙo mini rasit. Kowa a gajiye yake, ga azumi, ga dogon layi a bayana. Muna ratsawa tsakanin wasu ginshiƙai biyu da ke tsaye a bakin ƙofa, sai ƙara ta tashi, jar wuta tana walƙiya a kansu.

Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Duk wanda ke kusa ya waiwayo. Maigadin, wani matashi ne, ya matso cikin ladabi ya ce, "Malam, don Allah ku ɗan dakata, a ba ni ledar." Ya zazzage kayan a kan tebur, ya duba rasit, ya juya rigar, sai ga wani maɓalli na roba mai ruwan toka manne a gefenta. Yarinyar ta taso da sauri, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Wallahi ya biya, ni ce na manta ban cire ba. Ku yi haƙuri Malam." Ta kai rigar kan kanta, ta danna maɓallin a wani gurbi, ya buɗe. Duka abin bai wuce minti uku ba. Amma a cikin mintin ukun nan 'yata ta riƙe mini gefen riga tana cewa, "Abba, me muka yi?" kuma a cikin masu kallo na hango mahaifiyar wasu ɗalibaina biyu, ta kawar da kai kamar ba ta gan ni ba. Da aka koma makaranta bayan Sallah, wani yaro ya tambaye ni a tsakiyar darasi, "Malam, wai da gaske an tare ku a kanti?"

Da farko haushin na'urar na ji. Daga baya na ga bai dace in yi fushi da abin da ban san yadda yake aiki ba, sai na shiga bincike.

Asalin matsalar ba daga na'ura take ba, daga sauya fasalin kanti take. A da, akwai kanta tsakanin mai saye da kaya: ka faɗi abin da kake so, mai shago ya ɗauko ya miƙo maka. A shekarar 1916 wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis na ƙasar Amurka, inda mai saye yake zagayawa ya ɗauki kaya da kansa, ya biya a bakin fita. 'Yan kasuwa suka gane cewa abin da hannu ya taɓa ya fi saurin shiga zuciya, ciniki ya ƙaru. Sai dai hannun da ya taɓa don ya saya, shi ne kuma yake iya taɓawa ya soke a aljihu. A tsakiyar shekarun 1960 wani Ba'amurke mai suna Arthur Minasy ya ƙirƙiro alamar da ake maƙala wa kaya don ta tayar da ƙararrawa a ƙofa, kusan lokacin da kamfanin Sensormatic ya fara irin wannan sana'a. Maɓallin da ya kunyata ni jikan waɗannan ne.

Yadda yake aiki ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa. Babu batir a cikinsa, babu ido, babu ƙwaƙwalwa. Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana ɗauke da wani siririn ƙarfe wanda yake karkarwa idan ƙarfin maganaɗisu ya buge shi. Ginshiƙan ƙofa suna aika bugu mai kaɗawa sau dubu 58 a cikin daƙiƙa ɗaya, sai su yi shiru su saurara. Idan akwai wannan ƙarfe a tsakaninsu, zai ci gaba da amsa kuwwa na ɗan lokaci bayan bugun ya tsaya, kamar yadda tasa take ci gaba da amo bayan ka ƙwanƙwasa ta ka janye hannu. Wannan amon ginshiƙan suke ji su yi ihu. Na biyu kuwa ɗan zagayen waya ne, sau da yawa ɓoye a bayan takardar farashi, wanda yake amsa siginar rediyo mai kaɗawa sau miliyan 8.2 a daƙiƙa. Mai tauri ana cire shi a wurin biya, galibi da maganaɗisu mai ƙarfi. Na takarda kuma kashe shi ake yi ta hanyar gifta shi a kan wani faranti da ke jikin kanta. Akwai mai ɗauke da tawada, wanda idan aka ɓalle shi da ƙarfi sai ta fashe ta ɓata tufar, ya zama ɓarawo bai samu ba, mai kaya ma bai samu ba. Wayoyin salula da ake bajewa don gwaji kuwa ɗaure su ake yi da igiyar waya mai naɗewa, idan aka yanke ta ko aka ɓamɓare wayar daga mazauninta sai ƙararrawa ta tashi.

Ka lura da wannan, mai karatu: na'urar ba ta san an biya ko ba a biya ba. Abu ɗaya tak ta sani, wato wata alama mai rai ta gifta ƙofa. Tana yin ihu idan mai karɓar kuɗi ya manta, tana yi idan ka shigo da kayan da ka saya a wani kantin daban ba a kashe alamarsa ba, tana yi idan tun daga masana'anta aka ɗinke alamar a cikin rigar da ke jikinka. Gwanayen ɓarayi kuma suna da dabarun rufe mata baki, waɗanda ba zan ambata a nan ba. Su kansu masu kantunan, idan suna lissafin asararsu, ba satar masu saye kaɗai suke ƙirgawa ba, har da ta ma'aikatansu da kurakuran lissafi, waɗanda ginshiƙan ƙofa ba su da labarinsu.

Duk da haka ban ga laifin mai kanti ba. A gaskiya da na gama karatun, sai na tuna darasin da nake koyar wa manyan ɗalibai a babin haddodi na Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wato maganar hirzi. Hirzi shi ne ma'ajiyar da aka saba killace irin wannan kaya a cikinta, yadda ba za a ce mai shi ya yi sakaci ba. Jumhurin malamai sun shardanta shi kafin a zartar da haddin sata, in ban da Zahiriyyawa irin su Ibn Hazm. A mazhabarmu ta Malikiyya sai abin ya kai rubu'in dinari ko dirhami 3, Hanafiyya suka ce dirhami 10, sannan sai an fitar da shi daga hirzin. Wanda aka kama da kaya tun yana ciki ba a yanke masa hannu. To, dubi inda aka kafa ginshiƙan nan. Ba a tsakiyar kanti ba, a daidai bakin ƙofa. Ka ɗauki riga ka yi ta yawo da ita a ciki har magariba, babu mai ce maka uffan. Sai ka ƙetare iyaka. Mutanen da suka rushe kanta don neman ciniki, su ne suka dawo suna gina wani hirzin da ido ba ya gani. Har ma wasu sun koma na gani da ido: a Amurka an yi ta kulle kaya a bayan gilashi, sai da shugaban kantunan Walgreens ya amsa a farkon 2025 cewa kulle kayan yana rage musu ciniki. Malamanmu sun riga sun hango wannan tsaka-mai-wuya, shi ya sa suka bambance wanda ya fasa ma'ajiya da wanda aka yi wa izinin shiga, da wanda ya fizge a bainar jama'a, da wanda aka ba amana ya ci. Dukkansu masu laifi ne, amma hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma yanke shi aikin alƙali ne.

Mu ma muna da namu dabarun. Wanda ya raba takalmansa, ya ajiye ƙafa ɗaya a wannan ƙofar masallaci ɗaya a waccan, ya san abin da nake nufi. Ɗan kasuwa yakan gitta benci a ƙofar shago ko ya lulluɓe kaya da ƙyalle ya tafi salla, maƙwabci yana sa masa ido. A kasuwar waya ta Farm Centre kuwa akwatin gilashi ne da makulli, da idon yaron shago. Tsare dukiya ba munana zato ba ne. In ma za a yi wa na'urar adalci, ta fi idon ɗan Adam a wani fanni, domin ba ta duba tsufan riga ko tsadar agogo. Alhaji da ɗan dako duk ihu ɗaya take yi musu.

Inda ɓarnar take shi ne abin da mu muke yi da ihun. Shari'a ta tara sharuɗɗa kafin a kira mutum ɓarawo: ko shaidu biyu adilai, ko ya yi iƙirari da bakinsa, kuma idan ya janye iƙirarin a ɗauke masa haddi. Mu kuwa ƙara ɗaya ta ishe mu. Malaman tafsiri sun kawo, a dalilin saukar wasu ayoyi na Suratun Nisa'i daga aya ta 105, labarin wani sulke da aka sace a Madina cikin buhun gari. Buhun yana da huda, garin ya yi ta zuba a hanya, masu bin sawu suka bi shi har gidan wani Bayahude, aka kuma sami sulken a wurinsa. Alama ta nuna shi, kaya suna hannunsa, amma ba shi ya sata ba, ajiya ɓarawon ya ba shi. Sai da wahayi ya sauka aka wanke shi. A ƙasarmu kuwa an san abin da kalmar "ɓarawo" take jawowa idan aka kwarma ta a kasuwa. A watan Oktoba na 2012, a garin Aluu na jihar Ribas, taron jama'a ya kashe ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal a kan zargin sata, ba tare da alƙali ko shaida ba. Ni na ci sa'a, ihuna a cikin kanti mai sanyi aka yi shi, kuma ga rasit a hannuna.

Yanzu ga kunya ta biyu. Shekara biyu da suka wuce, wata ɗaliba ta fashe da kuka a ajina, ta ce naira dubu biyu na kuɗin makaranta sun ɓace daga jakarta. Yara suka nuna wani yaro ɗan shekara goma sha uku, suka ce sun gan shi kusa da jakunkuna lokacin da aka fita salla. Na kira shi gaban aji na caje aljihunsa, sai ga 'yan dubu-dubu guda biyu. Ya ce kakarsa ce ta ba shi ya sayo mata magani idan an tashi. Ban saurare shi ba. Ni da nake karantar da sharuɗɗan shaida, na karɓe kuɗin na miƙa wa yarinyar, na yi masa bulala, na kuma yi wa aji wa'azi a kan amana yana tsaye yana ji. Washegari mahaifiyar yarinyar ta aiko da kuɗin, ta ce nasu suna gida a ƙarƙashin matashi, ba a ma saka su a jakar ba. Me na yi? Na naɗe kuɗin a takarda na ba shi a ɓoye bayan an tashi, na ce ya gaishe da kakarsa. A gaban mutum arba'in na tuhume shi, a bayan ƙofa na wanke shi. Bayan 'yan makonni ya daina zuwa, ni kuma na ce wa kaina ai yaran yanzu ba sa son karatu.

Yarinyar nan mai karɓar kuɗi, wadda ƙila bayan tafiyata ta sha faɗa a wurin shugabanta, ta ɗaga murya ta ɗauki laifinta a gaban waɗanda suka ji ihun. Wannan ne ya hana ni barci a daren, ba ƙarar ƙofa ba.

Na faɗa wa ajin gaskiyar abin da ya faru, ko da yake da yawa daga cikin waɗanda suka ga bulalar sun riga sun sauke sun tafi. Sannan na nemi gidan kakarsa, ta ce yana wurin wani kawunsa a Farm Centre. Na same shi a bayan akwatin gilashi, makullin yana rataye a wuyansa, ya yi tsawo har na kusa kasa gane shi. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce masa a gaban kawun nasa da maƙwabtan shagon, "Na zalunce ka shekara biyu da suka wuce, ba ka ɗauki kuɗin kowa ba, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai Malam, ya wuce." Na ce akwai ajin dare bayan isha'i, in yana so ya dawo ya ƙarasa littafinsa. Ya ce zai tambayi kawu. Sai wani mai saye ya nemi a fito masa da waya ya gani, ya koma ya buɗe gilashin ya miƙa masa, idonsa yana kan hannun mutumin. Yau mako na biyar ke nan da fara ajin daren, bai zo ba tukuna.