Faifan Kawu da lissafin kwana 42

Duk wanda ya taso a nan ya san wani muƙami da ba a nema: kana shiga jami'a ka zama injiniyan dangi. Ni tarihi nake karantawa, amma waya ta lalace ni ne, firinta ta ƙi aiki ni ne. Wannan karon DVR ɗin shagon kawuna ne, na'urar da ke naɗar hoton kyamarori huɗu. Shagon ba shi da nisa da tashar jirgin 6 ta Parkchester, kayan miyan gida yake sayarwa, su daddawa da kuka da manja. Faifan ajiyar na'urar ya yi ta ƙas-ƙas kwana biyu, sai ya mutu. Ga Kawu zai tafi Maraɗi ya yi kwana 42, zai bar shagon a hannun wani yaron garinsu da bai daɗe da zuwa ba.

"Ɗana, samo mai araha kawai. Ai faifai faifai ne."

"Kawu, ka yi haƙuri, wannan dai ba haka ba ne."

Faifan kwamfutar gida an yi shi ne ya yi aiki ya huta. Na DVR ba ya hutawa, rubutu yake dare da rana, har ranar Sallah. Kamfanonin da kansu suna faɗa: na gida kamar terabayit 55 a shekara aka auna masa, na kyamara irin su WD Purple da Seagate SkyHawk kuwa 180. Ba sa gudu sosai, ba sa zafi sosai, kuma hakan ake so a akwatin da ke zaune bayan buhunan shinkafa.

Akwai wani tarko kuma, SMR. A irin wannan faifan layukan rubutu na hawa kan juna kamar kwanon rufi, in za a gyara layi ɗaya sai an taɓa maƙwabtansa. Ga na'urar da aikinta shi ne goge tsoho ta rubuta sabo, wannan wahala ce. A 2020 an yi ta surutu da aka gano manyan kamfanoni na sayar da shi ba tare da sun bayyana ba. Ku nemi CMR, ku duba lambar samfurin, kar ku tsaya ga hoton kwali.

Amma inda na fi daɗewa shi ne girma, don a nan maganar ta daina zama ta na'ura. Kowace kyamara tana cin megabit 2 a daƙiƙa, wato gigabayit 21.6 a rana. Huɗu sun kama 86 da ɗoriya. Terabayit 2, wanda Kawu ke so, kwana 23 ke nan, daga nan sai ta fara cinye na farko. Kawu zai dawo ya tarar kusan mako uku na farkon tafiyarsa babu su. In kuɗi ya yi giɓi a lokacin, me ya rage? Zargi. Kuma kun san mu: magana ta fara a shago, kafin isha'i ta isa Maraɗi ta WhatsApp, a ɓata sunan yaro a banza. Ni a ganina faifan nan yaron ya fi karewa, ba kayan ba. Kwana 42 na buƙatar terabayit 3.6, don haka 4 ne, da ƙyar ma.

Na duba takardar na'urar tukuna, don wasu tsofaffin ba sa ganin abin da ya wuce 2. Tamu ta karɓi 4, SATA, inci 3.5. Kawu ya ji farashin ya yi salati, ya biya.

Da ka saka sabon faifai na'urar za ta nemi ta wanke shi tas, saboda haka kar ku gwada da wanda ke ɗauke da hotunan biki. Na daidaita agogonta, na nuna wa yaron inda kowace kyamara ke kallo a gaban Kawu. Ya kalli ta saman akwatin kuɗi, ya ce a ɗan karkato ta, hannunsa ba ya fitowa sosai.