Tsohon Sa, Tsamiya da Sanyi: Yadda Wani Girkin Jamusawa Ya Sauka a Tiga

Duk jajiberin ƙaramar sallah, magidantan wata unguwa a garin Tiga sukan haɗa kuɗi su sayi sa, mahauci ya yanka, a kasa nama a raba. Watanda ke nan, kuma san da ake saya don ita ba kasafai yake zama matashi ba. Yawanci san huɗa ne da ya shekara biyar ko shida yana jan garma a gonakin Kiru ko Tudun Wada, mai shi ya ɗan kiwata shi ya kai kasuwa. Namansa ja ne wur, yana da ɗanɗano, amma cinyarsa sai mai haƙori.

A ɗaya daga cikin gidajen akwai wata malamar asibiti da ta yi ritaya, tana zaune da mijinta da surukarta, tsohuwa da ta haura tamanin. Duk shekara akan soya kason gidan, a kai wa tsohuwar nata a kwano, ta tsotsa ta ajiye wa jikoki. An gwada dambun nama ta ce yana shaƙe ta. An jefa kanwa a tukunya, naman ya yi laushi, ta ce wannan ba nama ba ne, tsumma ne. Babban ɗan gidan, wanda ke karatun injiniya a birnin Aachen na Jamus, shi ya aiko wa mahaifiyarsa saƙon murya ta WhatsApp yana ba ta labarin wani nama da ake yanka da gefen cokali, sunansa Sauerbraten.

Kalmar tana nufin gasasshen nama mai tsami, ko da yake a tukunya mai murfi ake dafa shi. Ana ɗaukar ƙaton yankin cinya ko kafaɗar sa, kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, ba tare da an yayyanka ba. A tafasa ruwan khal da ruwa, sau da yawa har da jar giyar inabi, a zuba albasa, karas, kanumfari, baƙin masoro, ganyen bay da 'ya'yan wata bishiyar ƙasar sanyi da ake kira juniper. Idan ruwan ya huce sai a nutsar da naman a ciki, a rufe, a bar shi kwana uku zuwa goma ana juya shi kullum. Daga nan a tsame shi, a goge, a soya bayansa har ya yi duhu, a mayar da ruwan jiƙon, a rage wuta na tsawon sa'o'i uku ko fiye. A yankin kogin Rhine, inda biranen Kolon da Bonn suke, ana ƙara zabibi, sannan a kaurara romon da wani busasshen biskit mai zuma da kayan ƙamshi. A can asali har da naman doki ake yin sa, kuma wasu gidajen abinci suna yi har yau. Wato girki ne da aka ƙirƙiro saboda dabbar da ta gama aiki, irin san watandar Tiga.

Abin da ke sa naman tsohon sa tauri shi ne jijiya da farar tantanin da ke naɗe da tsoka, wadda masana ke kira kolajin. Yawan aiki da shekaru suna ƙara mata ƙarfi. Wuta mai zafi ta ɗan lokaci, irin ta suya, ƙanƙance ta take yi ta matse ruwan naman. Amma idan aka bar ta cikin ruwa mai ɗan ɓararraka na sa'o'i, sai ta narke ta zama wannan danƙon da ke sa farfesun ƙafar sa ya daskare idan ya kwana. Tsami yana taimakawa, domin yana kumbura zaren tsoka ya sassauta jijiyar, sai dai a hankali yake ratsa nama, shi ya sa ake ƙirga jiƙon da kwanaki. Kanwa ta wata hanya take bi: tana laushi da sauri, amma tana dushe ɗanɗano, tana kuma lalata wani ɓangare na bitamin B1. Ganyen gwanda da wasu mata ke naɗe nama da shi yana ɗauke da sinadarin da ke cinye furotin, amma a bayan naman yake tsayawa, bai dace da ƙaton yanki ba.

Matar ba ta sha wahalar kayan haɗi ba. Giya dai ba ta shiga gidanta, don haka ta nemi abin da giyar ke bayarwa, wato launi da tsami da ɗan bauri, ta same su duka a zoɓo. Ta haɗa shi da ruwan tsamiya da khal na tuffa da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci. Kanumfari da masoro da citta suna cikin kwandon kowace Bahaushiya, kimba ta maye gurbin juniper. Albasa da karas kuwa ba a neman su a wannan yanki: ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Dabino ya tsaya a madadin zabibi, busasshiyar gurasa da mazarƙwaila a madadin biskit. Ɗanɗanon ma ba baƙo ba ne ga harshen da ya saba da yakuwa a miyar taushe da kunun tsamiya mai sukari.

Abu ɗaya ne ɗan bai ambata a saƙonsa ba, domin a inda yake ba a tunaninsa. A bara waccan sallah ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafi a kudancin Kano ke kai maki 40. Ta jiƙa kilo biyu, kusan rabin kason gidan, ta sa a firji. Dare na biyu wuta ta ɗauke, ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu. Da ta buɗe murfin, warin tsami ya rufe komai, naman kuma bai canza kama sosai ba. Mijinta ya ce a dafa, wuta tana kashe komai. Shekaru talatin na aikin asibiti suka hana ta yarda. Ta san ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin maki 5 da 60, ta san tsamin da ke waje bai kai tsakiyar naman ba, ta kuma san akwai dafin da wasu ƙwayoyin ke bari wanda tafasa ba ta kashe shi. Ta haƙa rami a bayan gida ta binne.

"Hajiya, naman sallar ne kika kai kushewa?" in ji mijin.

"Alhaji, gara shi da Inna," ta ce, ba ta ƙara ba.

A nan ne girkin nan yake bayyana ƙasar da ta haife shi. Bajamushe ya jiƙa namansa kwanaki ne saboda yana da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, da lokacin yanka da ke zuwa a farkon hunturunsu. Khal ya taimaka masa wajen adanawa, amma sanyin ne ya ba shi kwanakin. Bahaushe da ya fuskanci matsala iri ɗaya, nama mai yawa da ba a son ya lalace, sai ya duba abin da yake da shi a yalwace, wato rana. Ya feɗe tsoka ta zama fallaye, ya shanya, ya tsoma a labu na tunkuza da yaji, ya sake shanyawa, ya nuna wa wuta. Kilishi ma jiƙaƙƙen nama ne, sai dai jiƙonsa ba ya wuce awa ɗaya, kuma sai ruwan jikinsa ya fita ake yi. Matan gida kuwa suka zaɓi suya har naman ya ƙafe cikin kitsensa. Duk dabarun nan uku daidai suke a inda aka ƙirƙiro su. Ko tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi, wadda ta sa Malam Mohammed Bah Abba ya ci kyautar Rolex a 2000, tumatir da alayyafo take rayawa, ba ta kai sanyin da ɗanyen nama ke buƙata ba.

Sai da hunturu ya shigo ta sake gwadawa, wannan karon da kuɗin fanshonta. Ta je wurin mahauci da sassafe ta ce ya ba ta cinya dunƙule guda, shi kuwa ya yi ta mamakin mai sayen nama da ba ta son a sara mata. Ta raba shi gida biyu don tsamin ya ratsa da wuri, ta rage jiƙon zuwa kwana uku. Ba ta ƙara dogara da wutar layi ba. Ta sa kwanon a cikin kula, kullum safe da yamma jikanta ya sayo ƙanƙara a shagon wani mai firjin sola, kamar yadda masu kifin bakin dam suke yi. A rana ta huɗu ta goge naman ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, tururi kawai yake yi. Ta soya shi a man gyaɗa, ta juye rabin ruwan jiƙon, ta janye itace ta bar garwashi. Daga azahar har bayan magariba tukunyar ƙasar tana numfashi a hankali. A ƙarshe ta tace romon, ta zuba dakakkiyar gurasa da dabino, ta dinga ɗanɗanawa tana ƙara mazarƙwaila har tsamin ya daina cizo.

Jamusawa da jan kabeji da curin dankali suke cin nasu. Ita da sinasir ta kai wa surukarta. Tsohuwar ta sa yatsa, naman ya rabu, ta ci loma uku ba ta ce komai ba, sannan ta ɗago.

"'Yar nan, tsamiyar ta ɗan yi yawa. Wane ne ya koya miki?"

"Jikanki ne, Inna, na ƙasar Jamus."

"To ki gaya masa su rage tsamiya."

Ba ta ajiye wa jikoki komai ba ranar. Mijin ya lissafa kuɗin ƙanƙarar kwana uku ya ce ya kusa sayen rabin kilo, matar ba ta musa ba. Sallah mai zuwa ma a zafi za ta faɗo, don haka sun yi shawara: kason watanda za a soya shi kamar kullum, na Inna kuma sai hunturu, kilo ɗaya, jiƙon kwana biyu.