Jirgin da ya cinye mini sati tara a Angwan Lambu

Tun da na ɗora hoton jirgin nan tambaya iri biyu ake ta yi mini. Wasu na cewa a ina na saya, wasu kuma na cewa wai ba ni da karatu ne. Masu ta farko, ban saya ba, a ɗakina na Angwan Lambu nan Keffi na haɗa shi. Masu ta biyu kuma, mu haɗu ranar da aka kafe sakamako. Rubutun zai ɗan yi tsawo, mai ƙaramin data ya yi haƙuri.

Yawancinmu da muka tashi a Arewa mun yi motar kara ko ta langa-langa, mu yanka tsohon silifas mu yi taya, mu ɗaura zare muna ja a layi. Hannun dai shi ne, bai canja ba. Abin da ya raba wancan da wannan shi ne awo. A motar langa-langa ido ne alƙali, in ta yi kama da mota shi ke nan. A nan kuwa rula ce alƙali. Jirgin gaske tsawonsa mita 11.26 ne, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 9.63. Na raba komai gida 24, sai nawa ya tashi a tsawon santimita 47, faɗi 40. Da za a rage mutum da wannan lissafin, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, wajen santimita 7. Da zarar ka yarda da wannan ƙa'ida, ba ka da ikon cewa "bari in ɗan ƙara nan don ya fi kyau".

Sunan jirgin MiG-17, ƙirar Tarayyar Sobiyet. A intanet masu wannan sha'awa galibi jiragen yaƙin duniya na biyu suke haɗawa, irin su Spitfire na Ingila da Mustang na Amurka, kuma a kwali suke sayen kayan, kamfanoni irin su Airfix da Tamiya sun zuba musu komai da roba, nasu kawai mannawa da fenti. To ni wa zai kawo mini wannan kasuwar Keffi? Kuma ko da na samu, sai na ce me zai sa in ɓata lokaci a kan yaƙin wasu alhali akwai jirgin da ya ɗauki kore-fari-kore a jikinsa.

Ga yadda aka yi ya ɗauka. Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, lokacin rundunar sojan sama ta Najeriya shekararta uku kacal da kafuwa. Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya wajen Sobiyet. A watan Agusta na shekarar aka fara sauke waɗannan jirage a filin jirgin Kano, a kwance cikin manyan jiragen dakon kaya, a nan aka harhaɗa su. Da farko matuƙa 'yan Masar ne suka riƙa tuƙa da yawansu. Ɗaya daga filayen da suka riƙa tashi shi ne na Makurdi, garin da in ka bi ta Akwanga da Lafiya daga nan kana isa. 'Yan Kano da ke karanta wannan, filin da kuke raka alhazai ne fa. Ni kaina ban taɓa jin wannan a aji ba, rula ce ta kai ni.

Gangar jikin da farin soson nan na cikin kwalin firji na yi ta, wani mai shagon kayan wuta ya ba ni kyauta yana kallona kamar mai taɓin hankali. Na zana siffar jirgin ta gefe da ta sama a takarda, na manna a soson, na bi da reza sabuwa fil, sannan samfefa har ya zama kamar sigari mai ƙiba. Wanda zai gwada ya riƙe wannan: sufa gulu da fentin feshi suna cinye irin wannan soso, narkar da shi suke yi. Gwada a guntun da ba ka so ka gani. Maganin shi ne ka lulluɓe shi da yagaggiyar jarida da farin gam na kafintoci, shafi uku ko huɗu, kowanne ya bushe kafin na gaba. In ya bushe ƙwanƙwasa shi za ka yi ka ji kamar ƙwarya.

Fukafukai da jela da falle-fallen katako na yi, ragowar wani kafinta. A nan jirgin ya fara nuna hali. Fiffikensa ya koma baya da kusan digiri 45, kuma a kan kowanne akwai wasu siraran katangu guda uku a tsaye. Da farko ka ɗauka ado ne. Ashe in fiffike ya karkata baya haka, iska kan zame ta bi tsawonsa zuwa baki maimakon ta ratsa ta wuce, sai jirgin ya rasa abin da ke riƙe shi in ya rage gudu. Katangun ne ke tare ta. Guda shida na yanka daga gwangwanin lemo, kwana biyu suka ci. 'Yan fiziks, ga abin da kuke haddacewa nan a tafin hannu.

Gilashin wurin zaman matuƙi ya fi komai burge masu leƙowa, kuma shi ya fi sauƙi. Na fafe siffarsa da itace, na zura a cikin robar ruwa, na gasa a saman risho daga nesa. Robar da kanta take tsukewa ta kama itacen, sai ka yanke.

Hancin ne matsala. MiG-17 ba shi da hanci mai tsini, baki gare shi a buɗe, ta nan injin ke shaƙar iska. Irin wannan samfurin kuma in ka tsayar da shi a kan tayoyinsa uku sai ya zauna da jela, don nauyin yana baya, dole ka ɓoye ƙarfe a gaba. Ina za ka ɓoye a bakin da kowa ke leƙawa? Noti huɗu na cusa a ƙarƙashin kujerar matuƙi kafin in rufe.

Wannan buɗaɗɗen bakin ya fahimtar da ni wani abu da na sha karantawa. Irin wanda Najeriya ta samu ba shi da na'urar hango jirage a duhu, jirgin rana ne. Shi ya sa jiragen agaji masu kai abinci yankin Biyafara suka riƙa sauka a Uli da dare, a kan titin mota da aka mayar filin jirgi. Ranar 5 ga Yuni 1969 kuwa MiG-17 ya harbo jirgin agaji na Red Cross, samfurin DC-7, duk mutanen ciki suka mutu.

Sati biyar na yi ina gini, huɗu ina gamawa, kuma wallahi gamawar ta fi wuya. A sati na biyar ya riga ya yi kama da jirgi, abokan ɗaki na cewa ai ya yi, a shafa fenti kawai. Amma launin azurfa ba ya rufa wa kowa asiri, duk ɗan rami sai ya tona. Sai ka cike da garin katako da gam, ka goge, ka fesa farar ƙasa, ka kai rana ka duba, ka ga wani ramin, ka sake. Ga hunturu ya shigo. Ƙurar Keffi kuwa kun san ta, minti ɗaya ya ishe ta ta zauna a ɗanyen fenti. Bayan sallar asuba nake fesawa kafin iska ta tashi, in kife babban kwali a kai in tafi lakca. Tambarin kore-fari-kore da kamfas da salatif na takarda na fitar da shi.

Saura bindigogi, uku ne a ƙarƙashin bakin, ɗaya mai milimita 37, biyu masu 23. Na yanka su daga bututun biro da tsinken keke na ajiye ban manna ba tukuna, sai wani ɗan ajinmu ɗan Anambara ya zo karɓar littafi. Ya ɗauki jirgin ya juya shi ya juya, ya yaba aikin sosai. Sannan ya ce kakarsa har ta rasu in ta ji ƙarar jirgi ya yi ƙasa-ƙasa sai ta bar abin da take yi ta shige ɗaki. Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar yadda za ka ba da labarin gida. Ni kuma a gidanmu labarin yaƙin shi ne ƙanin kakana da ya shiga soja ya tafi bai dawo ba. Muka yi shiru, fanka na ta juyawa.

Wani abokin ɗakina ya ce to a bar bindigogin mana, ya zama ado kawai, kowa ya huta. Na yi kwana biyu ina juya maganar. Abin da na tsaya a kai shi ne, wanda ya yarda rula ta hana shi ƙara santimita ɗaya don kyau, ba shi da hujjar cire bindiga don kyau. Jirgin nan ba don ado aka kawo shi Kano ba. Na manna su. A jikin katakon da yake tsaye na rubuta sunansa da 1967 zuwa 1970, ban ƙara komai ba. Ɗan ajin namu da ya dawo ya gani, ya ce gara haka, kuma ya ce in na samu hali in je gidan tarihin yaƙi na Umuahiya, akwai na gasken a ajiye.

Shi ne ma ya kawo shawarar na gaba: MFI-9, ɗan ƙaramin jirgin koyon tuƙi na Suwidin da Carl Gustaf von Rosen ya ɗaura wa rokoki. Da guda biyar ya kai hari filin jirgin Fatakwal ranar 22 ga Mayu 1969, ya samu jiragen tarayya a ƙasa. Tsawonsa kusan rabin na MiG ne, don haka a awo ɗaya za su zauna a teburi ɗaya. Tare za mu yi bayan jarrabawa in Allah ya kai mu, shi zai yi fukafukai. Wanda ke da soson firji a ɗaki yana shirin zubarwa, don Allah ya yi mini magana.