Iyakar Mudu

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shekarun da na yi ina kiwon murjani mai rai a tankin gilashi na ruwan gishiri sun ƙara mini wani abu a kan wannan magana: shi ma mudun yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakarsa ba yana iya halaka abin da yake ƙauna da hannunsa.

Murjani dabba ne, ko da yake ya yi kama da dutse. A cikin tsokarsa akwai ƙananan halittu dangin gansakuka da ke haɗa masa abinci daga haske. Su da shi duk suna bukatar sinadarin fosfet, wanda ke shiga ruwa ta abincin kifi da kashinsu. Idan ya yi yawa, gansakuka ta rufe duwatsu, murjani kuma ya yi ta fama wajen gina ƙashinsa. Idan ya ƙare, yunwa ta kama shi. Masu bincike a Jami'ar Southampton da ke Ingila sun nuna cewa ƙarancin fosfet yana sa murjani saurin koɗewa idan zafi da haske suka tsananta. Shi ya sa masu kiwo da yawa ke neman tsayar da shi kusa da miligiram 0.03 a kowace lita.

Auna ɗan wannan abu aiki ne mai wuya. Hanyar da yawancin kayan gwaji ke bi ta samo asali daga aikin Murphy da Riley na 1962: a zuba garin magani a ruwan, ya yi shuɗi gwargwadon fosfet ɗin da ke ciki. A wannan mataki shuɗin ba ya wuce inuwa, kuma ido ba ya iya rabe shi sosai a kan katin launi. Ƙaramar na'urar Hanna da nake amfani da ita tana karanta launin da haske ta fitar da lamba, amma masu ƙera ta da kansu sun rubuta cewa tana iya kaucewa da 0.04 sama ko ƙasa. Ke nan kuskuren da aka yarda da shi ya fi abin da nake nema girma. Idan ta nuna mini 0.03, gaskiyar tana iya zama sifili, tana iya zama 0.07.

Tabon yatsa a jikin kwalbar gwaji, ko kumfa, ko garin da bai narke ba, kowanne yana karkatar da lambar. Gwajin kuma ba ya ganin fosfet ɗin da ke ɗaure a cikin ragowar abinci, ko wanda duwatsu suka riƙe suna saki a hankali. Tanki yana iya nuna sifili alhali gansakuka ta cika shi, domin ita ke shanye sinadarin kafin a ɗebi ruwan.

Na ga masu kiwo da lamba ɗaya ta firgita, suka cika matata da maganin tsotse fosfet, cikin 'yan kwanaki murjanin da ya yi shekaru yana girma ya yi fari fat. Garin neman gira aka rasa ido.

Saboda haka ni sau biyu nake aunawa, a lokaci guda na yini, da kwalba guda da na goge tas, in rubuta a littafi. Ba na taɓa komai sai lambobin makonni uku sun nuna hanya ɗaya. Kafin nan nakan tsaya gaban gilashin in duba launin murjanin, da yadda yake buɗewa, da farin bakin rassansa inda sabon ƙashi ke fitowa. Idan lamba da dabbar suka saɓa, gwajin nake maimaitawa.